Ranar da Na Kori Tukur Don Ya Zauna

Ku samarin da kuke tsayawa a ƙofar ɗakin injin nan kuna cewa wannan ai ba aiki ba ne, a zuba shanshera, shinkafa mai ɓawo, ta sama ta fito fara tas ta ƙasa, ina jin ku sarai. Ƙarar inji ta cinye mini kunnen hagu, amma na daman yana nan garau. Shekara talatin da 'yan kai ina casar shinkafa a garin nan na Talata Mafara, kuma har gobe ban ce na gama iyawa ba. Tunda kun ce mai sauƙi ne, bari in gaya muku yadda ake yin sa, in kuma gaya muku ɓarnar da na tafka a cikinsa da furfurata, don ita ma cikin sana'ar take.

Buhun farko da na casa da hannuna na wata dattijuwa ce daga Bakura, mai sayar da gumi. Gumi kun san shi, shinkafar da aka jiƙa aka turara aka shanya kafin a kawo ta inji. Lokacin na shekara biyu a ƙarƙashin ubangidana, Baba Nomau, ban taɓa komai ba sai tsintsiya da shebur ɗin kwashe ɓuntu, ɓawon da inji ke fitarwa. Ran nan ya ce in kama wuƙa. Wuƙar injin casa wani dogon ƙarfe ne a gefen cikinsa, ana matse shi ko a sassauta da noti biyu, kuma sana'ar duka a nan take. Ka matse da yawa, shinkafa ta fito tsaki. Ka sassauta da yawa, ta fito da rigarta kamar ba ta shiga inji ba. Ni kuwa da rawar kai sai na matse, ina so ta fito fara ƙal a yabe ni. Matar nan ta ɗebo a hannu ta duba, ta dubi ubangidana ta ce, "Nomau, shinkafa nik kawo ko tsakin kaji?" Bai buge ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya cika mini tafin hannu ya ce in tsince masa ƙwayar da ba ta karye ba. Na tsinci bakwai. Ya ce in sa su a aljihu in tafi da su gida.

Daga ranar na gane ba shinkafa biyu da ke son wuƙa ɗaya. Kafin ka zuba sai ka ciji ƙwaya ka ji. Gumin da bai bushe ba yakan cushe inji, bel ya riƙa zamewa yana ƙauri. Wanda ya sha rana fiye da kima kuwa farfashewa yake ko ka lallaɓa shi. Ta gonakin dam ɗin Bakolori halinta daban, ta fadamun ƙauye daban. Kuma da kunne ake aikin fiye da ido. Injin da ya ƙoshi gurnani yake ƙasa-ƙasa. Wanda ba komai a cikinsa sai ka ji ƙarfe na cin ƙarfe, kuma minti kaɗan na wannan ya isa ya yaga rariya. Rariya ta yage, ɓuntu da shinkafa su cakuɗe, aikin yini ya tsaya kana cire noti da hannu yana ƙona ka.

Masu kawo aiki yawanci mata ne, kuma ba a yi musu wayo. Kowacce ta ajiye buhunta a layi sai ta ɗora masa dutse ko marfin kwano ta tafi kasuwa, kuma kaiconka in ta dawo ta tarar ka sa na wata a gaban nata. Sun san ƙwayar shinkafarsu kamar yadda suka san 'ya'yansu. Akwai wadda ta taɓa sa ni na buɗe cikin inji don ta tabbatar ba abin da ya maƙale na hakkinta.

To, ga inda zancen yake. Injin da na koyi aiki a kansa tsohon inji ne mai shan gas, da hannu ake tayar da shi. Mutum biyu ke murɗa ƙarfen, in ya ƙi tashi ya dawo da baya sai ya karya wa mutum tsintsiyar hannu. In kuma ya yi zafi aka kashe shi, ya dinga gardama ke nan har sai ya huce. Saboda haka Baba Nomau ya kafa doka: an tayar da inji da hantsi, ba a kashe shi sai buhun ƙarshe ya fita. Inji na aiki kuwa ba mai zama. Ko benci babu a ɗakin. Mai tuwo ta kawo abinci ta jera a kan taga, ka kai loma da dama, hagu na kan aiki, ɓuntu na sauka cikin miya ka haɗiye da shi. Salla ɗaya bayan ɗaya, a gurguje, kana sallamewa ka ruga. Har cewa ake yi wanda ya zauna gaban inji mai aiki yana korar kasuwa, kuma mun yarda. Ba ma yarda kawai ba, alfahari muke yi. Teloli da ma'aikatan ofis in sun wuce mu sai mu ce ga masu aikin ɗuwawu nan. Na yi shekara talatin ban san ɗanɗanon abincin rana a zaune ba sai ranar Juma'a.

Baba Nomau ya rasu, wani Alhaji mai sayar da taki a kasuwa ya sayi wurin, ya sa ni shugaba. Ya kawo sabon inji mai tashi da makulli, ka murɗa kawai ya kama, da zafi ko da sanyi. Alhaji ba ya zuwa sai jefi-jefi. Mu uku ne a ɗakin: ni a kan wuƙa, Ɗan Ige a ƙasa yana tarar shinkafa da ɗinke buhu, sai mai zubi, wanda ke hawa matakala huɗu da daro a kai yana ciyar da inji. Inji ya sake, doka ba ta sake ba. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba, ko sau ɗaya.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga. Masu injinan ƙauye suka kulle suka gudu, aikinsu duk ya dawo kanmu. Matan Maradun da na wajen Gidan Goga ba sa fitowa sai ranar Talata, a mota ɗaya ko biyu, kuma dole su kama hanya kafin la'asar, don ba direban da ke yarda yamma ta same shi a daji. Ranar Talata kafin mu buɗe ƙofa layi ya kai bakin titi. Kowacce na duban rana tana duban hannuna. A wannan shekarar mai zubinmu ya tafi, aka kawo mini Tukur.

Tukur sa'ana ne, manomi daga wajen Damaga. Gonarsa tana nan amma ba ta shiguwa, ya kwaso iyalinsa suka raɓa a wani kango a bayan gari. Aikin nan shi ne kaɗai abin da ke sa musu tukunya a wuta, kuma na san haka tun ranar da na ɗauke shi. Mutum ne mai shiru, ba ya wasa da aiki. Amma zubi aikin matasa ne. Ku lissafa da kanku: daro cike, matakala huɗu, sama da ƙasa, tun hantsi har la'asar sakaliya, cikin ƙura da zafin kwano. Wata biyu yana yi bai ce uffan ba. Ran nan ya matso kusa da kunnena mai ji ya ce, "Malam Labbo, in rana ta take jiri nika ji. Ka bar ni in zamna ko kaɗan in ci abin ga, in tashi." Na ce masa ya sha ruwa, jiri na kowa ne, ni ma da shi na girma. Ya ƙara tambaya bayan kwanaki, na ce nan ba asibiti ba ne.

Talatar da abin ya faru, ina kan shinkafar wata mata daga Maradun, azahar ta gota, saura buhu kusan goma a layi. Sai na ji muryar inji ta sake, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Na ɗaga kai, matakala ba kowa. Na sassauta wuƙa da sauri, na ce Ɗan Ige ya hau ya zuba, na zagaya baya. Ga Tukur a bayan tarin ɓuntu, zaune dirshan a ƙasa, ya miƙe ƙafafu, kwanon dambu a cinyarsa, yana ci a hankali.

Wallahi ban taɓa ganin abin da ya ɗaga mini hankali a wurin aiki kamar wannan ba. Mutum a zaune, inji na aiki! Na wanke shi tas a gaban mata. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce malalaci ne, na ce in wani abu ya sami matan nan a hanya alhakin yana wuyansa, na ce ya tashi ya bar mini wurin kuma kada in sake ganin ƙafarsa. Ya rufe kwanonsa, ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe ɓuntu daga wandonsa ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Malam Labbo." Ya tafi. Ni da Ɗan Ige muka ƙarasa aikin, matan suka samu motarsu, na koma gida ina ganin na yi abin kirki.

Ashe akwai wanda ya ga komai. Malam Yohanna, wani dattijo mutumin Zuru da ya daɗe a garin nan, ya yi ritaya daga wani ofishi da ke duba sha'anin ma'aikata. Yakan zo ɗibar ɓuntu don shimfiɗa wa kajinsa. Washegari da hantsi, kafin mu tayar da inji, sai ga shi da wani ɗan littafi da ya sha jiki. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da gajiyar kasuwa, na tambayi nasa da kajin, sannan ya ce, "Malam Labbo, mutumin jiya, awa nawa ya yi yana aiki kafin ya zauna?"

Na ce, "Tun hantsi. Kamar kullum."

"Kullum ba ya zama?"

"Nan ba a zama, Malam Yohanna. Ni da kaka gani ban taɓa zamnawa ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Shekara nawa?" Na gaya masa, da ɗan fahari ma. Sai na ga bakin dattijon nan ya buɗe ya kasa rufewa. Ya buɗe littafin, da Turanci yake, ya karanta ya fassara mini. Ya ce dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce duk wanda aka ɗauka aiki, in zai yi awa shida ko fiye a yini, dole a ba shi hutu a tsakiyar aikin, wanda in an haɗa bai gaza awa guda ba.

Na yi dariya na ce, "Wagga doka ta masu takalmi ta, 'yan ohis. Mu mi ya haɗa mu da ita? Ko takarda ba mu sa ma hannu ba."

Ya ce, "A'a. Ku masu aikin ƙarfi, ku dokar ta fi nufi. Kuma ko da baki aka ɗauki mutum, an ɗauke shi."

Na ce to ai muna salla. Ya ce in haɗa mintocin sallar da muke yi a guje in gani ko sun kai awa. Na ce to matan Maradun fa, in kashe inji awa guda yamma ta same su a hanya? Ya ce ba wanda ya ce a kashe inji, kuma ba wanda ya ce kowa ya huta lokaci ɗaya. Ana iya yin karɓa-karɓa, ana iya raba awar gida biyu. Sannan ya rufe littafin ya ce, "Malam Labbo, ba laifi ya yi ba. Hakkinsa ya ɗauka, kuma ko rubu'insa bai ɗauka ba ka kore shi."

Na tsaya riƙe da sifana kamar an dasa ni. Awa guda kullum! Na dubi tagar nan da muke jera kwanoni, na tuna yawan ɓuntun da na haɗiya a tsaye, ashe duk shekarun nan akwai awa guda tawa da ban taɓa karɓa ba. Sai kuma raina ya ɓaci, na ce lallai an cuce mu, kuma na san wanda ya cuce mu. Da azahar na bar Ɗan Ige da tsintsiya na nufi shagon Alhaji.

Na same shi a kan darduma ya tanƙwashe ƙafa, kwanon shinkafa da wake a gabansa. Bayan gaisuwa na zazzage masa duk abin da na ji, na ce doka ta ba mu hutu an danne mana. Alhaji ya ajiye cokali.

"Tsaya, Labbo. Wa yad danne? Ni?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Yaushe nic ce kak ku zamna? Hwaɗa mani rana guda. Ni aradu ina tsammanin kuna hutawa kamar kowa. Kana nuhin tun da nis sayi wurin ga, tsaye kuka cin abinci?"

Na ce, "Haka munka ishe. Dokar Baba Nomau ta."

Ya riƙe haɓa. "Inna lillahi! Nomau da ya yi shekara da shekaru cikin ƙasa? Injin da yas sa shi yin dokar ma 'yan gwangwan sun daɗe da narke shi. To in ba ni ba, in ba Nomau ba, wa ka hana mutane zama wurin ga?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na ga amsar. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na zo neman azzalumi da zafina, ashe tare muka zo, a cikin rigata. Ba gwamnati, ba mai wuri, ba kowa. Ni ne nake tsare da ƙofar, ni na hana kaina, na hana Ɗan Ige, na hana duk mai zubin da ya taɓa ratsa ɗakin nan, kuma da yawansu da suka gudu na ce raggaye ne. Alhaji ya ce in ƙara mutum ɗaya mu zama huɗu, biyu na aiki biyu na hutawa, kuma in je in nemo bawan Allahn da na kora duk inda yake.

Karɓa-karɓa kuwa ta tona mini wani asirin. In zan zauna, dole wani ya riƙe wuƙa, kuma ban taɓa koya wa kowa ba. Ɗan Ige ya shekara tara a gefena bai san ko wane noti ake fara taɓawa ba. A cikin mako biyu ya iya, har na ji haushin saurin.

Tukur kuwa na sha wahalar samun sa. Na je kangon, matarsa ta ce yana fita da asuba neman aikin yini, wata rana ya samu wata rana ya dawo haka nan. Yaran da na gani a tsakar wurin ba sai an gaya mini halin da ake ciki ba. Sai a kwana na biyar na same shi a gonakin albasa na bakin ruwa, a gindin dogon yaro, yana ɗinke buhuna. Muka gaisa doguwar gaisuwa kamar ba abin da ya faru. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na gaya masa zancen Malam Yohanna da littafinsa, na ce ashe doka ta ba shi awa guda, ni ne ban sani ba, ya dawo aikinsa yana jiran sa.

Bai daina ɗinki ba har na gama. Sannan ya soke basilla a buhu ya dube ni.

"Malam Labbo, ni ban san wata doka ba. Da bakina nir roƙe ka, sau biyu, ina Musulmi kana Musulmi, huruhurarmu guda. Nic ce maka jiri nika ji. Ba ka ji ba. Yanzu takarda ta hwaɗi, ga ka nan ka biyo ni har gona. Ashe takarda ta hi ni daraja gare ka."

Na ce, "Gaskiya ta, Tukur." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ya ce, "Ina zuwa gobe. Ɗiyana na son tuwo."

Ya zo, kuma yana nan har yau, shekara huɗu ke nan. Shi ne dattijon da kuke gani a wajen ɗinkin buhu, don na sauke shi daga matakala tun ranar. Aikinsa ba abin cewa. Yana gaishe ni da safe, yana tambayar iyalina, da aka yi mini rasuwa shi ya fara zuwa gaisuwa. Da na tsara hutun na sa nawa ya faɗo lokaci ɗaya da nasa, da gangan. Kullum in azahar ta yi na shimfiɗa tabarma a inuwa, na buɗe kwano na tura shi tsakiya, in ya zo wucewa na ce, "Tukur, bismillah." Ya ɗan rusuna ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam Labbo," ya wuce da kwanonsa ya zauna can nesa ya ci shi kaɗai. Gobe ma zan ce masa.